Likitar da Ta Juya Mana Kujeru

Ni tela ne, shagona yana Ƙofar Sauri, kuma tun ina yaro Allah ya yi ni da yawan tunani. Idan na kulle shago na kama hanyar gida, sai na dawo na sake taɓa kwaɗon. Idan na yanka yadin mutum ƙyalle ya ragu, ko bai kai tafin hannu ba, sai na naɗe shi na cusa a aljihun rigar, don kada a tambaye ni ranar gobe. Alwala kuwa, abokan sahuna sun daɗe da daina jirana. Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka abin da zan faɗa game da matar nan da aikinta, yadda na gani ne, ba yadda masana za su faɗa ba.

Ɗanmu na fari ya rasu yana aji uku. Sikila ce. Tun yana rarrafe muke zaryar asibiti da shi, wani zuwan ya tashi, wani zuwan ya tashi, har zuwan da bai tashi ba. Aka share makoki, baƙi suka watse, gida ya rage daga ni sai mai ɗakina sai ƙanwarsa da ke goye. Mai ɗakina ba ta fasa komai ba. Tana girki, tana wanki, tana gaishe ni da safe. Fuskata ce kawai ta daina kallo. Damina ta wuce, aka yi girbi, ba ta kalle ni ba.

Wata rana bayan la'asar ta ajiye mini kwanon abinci, ta durƙusa nesa kaɗan, ta ce, "Malam, ina so ka sawwaƙe mani in tahi gida."

Na ce, "Mi na yi maki?"

Ta ce, "Ba ka yi mani komi ba."

Wannan amsar ta fi zagi zafi a wurina, domin mutum irina idan aka ce bai yi komai ba, sai ya zauna ya nemo abin da ya yi. Na roƙe ta ta dakata. Ta ce za ta dakata har a yaye yarinyar. In ta kai ta ƙauye wurin mahaifiyarta don yaye, kamar yadda ake yi, to ba za ta dawo ba.

A cikin wannan hali muka kai yarinyar a duba jininta. Akwai wata nas a wurin, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, a Kambarawa take zaune, ta san mu tun zamanin jinyar yaron. Ta ga na zauna a wannan ƙarshen benci, mai ɗakina a wancan ƙarshen, har mutum biyu sun shiga tsakaninmu. Da ta gama da yarinyar ta ce jininta lafiya lau, sai ta rage murya ta ce, "Baban yara, akwai wata likita a ƙarshen barandar can. Ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya. Mata da miji take zaunarwa. Ku je ku gaishe ta mana, gaisuwa ai ba ta ciwo."

Da muka yi sallama a ƙofar ɗakin, wata 'yar tsohuwa ta taso, gajeriya, fatarta kamar tamu, gashinta mai santsi ya yi fari fat, an rage shi kamar na namiji. Ta ce, "Maraba, maraba! Kun zo lahiya? Ya gida, ya rana, ya ƙoƙari? Ku shigo daga ciki." Na tsaya baki buɗe. Katsinanci ne tsantsa, amma irin na da, irin wanda kakata take yi.

Mai ɗakina ta rufe baki da gyale ta ce a hankali, "Ikon Allah, Ba'indiya da Katsinanci."

Tsohuwar ta ce, "Na ji ki, ɗiyata. Ni ba Ba'indiya ba ce. Kuma kada ki ce in yi maki waƙa kamar a fim, muryata ta kwaɗo ce."

Sai na ji wani sauti da na manta da shi. Mai ɗakina ce ta yi dariya.

Labarinta ban same shi a zama ɗaya ba. Wani ita ta faɗa, wani nas ɗin nan ta ƙara mini. Ƙasarsu tsibiri ce a ƙasan Indiya, Siri Lanka. Mahaifinta malamin lissafi ne, yana cikin malaman da aka ɗauko daga waje zamanin da, ya koyar a wata sakandare a nan Katsina. Da ita aka zo tana jaririya. Wata dattijuwa daga ƙauye da ke aiki a gidansu ita ta goya ta, ita ta koya mata Hausa, ita ta koya mata shan fura. Iya take kiranta. Kafin ta gama firamare suka koma gida. Can ta karanci ilimin halayyar ɗan Adam har ta zama likita. Ƙasarsu ta sha dogon yaƙi, sai aka sa ta duba mazan da suka dawo jikinsu lafiya amma sun daina magana. Ta ce ta yi shekaru tana zama da namiji shi kaɗai, ya ɗan samu sauƙi, ya koma gida, ya dawo mata kamar ba a yi ba. Daga baya ta gane cewa matar da ke jiransa a gida ita ma ta yi nata yaƙin, ba wanda ya tambaye ta. Tun daga nan ta ƙara kujera ɗaya a ɗakinta, kuma wannan ya zama aikinta har ta yi ritaya. Da wata ƙungiyar agaji ta nemi mai irin iliminta, ta ga sunan Katsina a ciki, sai ta ce tana so ta sake shan fura kafin ta mutu. Ta ce ranar da ta fara fita ta ɓata a Babbar Kasuwa, ta tsaya tana tambayar hanya da Hausar 'yar shekara tara, masu hatsi suka taru suna kallonta.

A zuwanmu na farko ban ji rabin abin da ta faɗa ba. A kan taga akwai wani ɗan mutum-mutumi, bai fi babban yatsa biyu ba, an yi shi zaune ya naɗe ƙafafu, ga fure ɗaya a cikin kofin ruwa a gabansa. Ashe mabiyar addinin Buda ce. Na shiga tunanin ko mala'iku suna shiga irin wannan ɗaki, ko zamana a ciki yarda ne, ko in tashi, in na tashi kuma na wulaƙanta tsohuwar da ta tarbe mu da fara'a. Ina cikin haka ta yi tambayarta.

"Nas ta hwaɗa mani kun yi rashi. Allah ya ba ku haƙuri. Mi sunan yaron?"

Na kalli sama, mai ɗakina ta kalli ƙasa.

Ɗan fari ne. A gidanmu da gidansu mai ɗakina, mu mutanen ƙauye ne asali, ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Balle shi da ya ci sunan mahaifina. "Kai" nake ce masa, in ina maganarsa in ce "yaron nan". Yanzu a birni da yawa sun saki wannan kunyar, har ka ga mutum ya ɗora ɗan farinsa a kafaɗa yana yawo. Ni kuwa duk abin da aka ce mini ana kiyayewa, sai na kiyaye shi fiye da wanda ya faɗa mini.

Likita ta dube ni, ta dubi mai ɗakina, sai ta dafe goshi. "Kash! Ku yahe mani. Na tsuhwa na manta. Iya ma haka take, duk zamanta a gidanmu ban taɓa jin sunan babban ɗanta a bakinta ba." Ba ta sake tambaya ba, har muka rabu.

Ta kuma lura da wani abu. Kujerunmu suna fuskantar juna ne, yadda ta saba a ƙasarsu. Ta ce mu tashi. Da kanta ta ja su, ta jera su gefe da gefe suna kallon bango, ita ta koma bayanmu ta zauna. "Kamar a mota," in ji ta. "Na ga mutanen nan ba ku magana ido cikin ido a gaban baƙo, amma in aka shiga mota kowa bakinshi ya buɗe." Dokarta ɗaya ce. Mutum ɗaya ya yi wa bango magana, in ya gama, ɗayan ya maimaita abin da ya ji, ba ƙari, ba kare kai.

Kafin a fara kuma sai ta ce mu yi shiru, kowa ya bi numfashinsa, yadda yake shiga da yadda yake fita. In tunani ya ɗauke ka, ka dawo, ba faɗa. Ta ce ita kullum da asuba haka take zama, tun tana budurwa. Wannan ya hana ni sukuni. Na ce a raina, ashe ibadarsu ce ta sa ni. Ban iya cin abinci ba sai da na tari limaminmu bayan azahar na zayyana masa komai.

Ya ce, "Ta ce ka yi sujada ga wani abu?"

"A'a, Malam."

"Ta ba ka wasu kalmomi ka riƙa maimaitawa?"

"A'a."

"To numfashin nan, naka ne ko nata?"

"Nawa ne."

"Wa ya ba ka shi?"

Bai jira amsata ba. Ya ce, "Tela, je ka nemi gyaran gidanka. In ka zauna ka yi bisimilla. Kuma don Allah ka rage tsawon alwalar nan, ruwan randa na jama'a ne."

Da muka koma, ɗan mutum-mutumin ba ya kan taga. Furen kawai ya rage. Likita ta ce, "Na ga idonka shina ta komawa can, na sa shi a aljihun tebur. Ba komi, ya saba da zama shiru." Na ji sanyi a raina, nan take kuma na ji wani nauyi. Tsohuwa ce a ƙasar da ba ta da kowa, abu ɗaya da ta zo da shi daga gida, na sa ta ɓoye shi da idona. Da ta bar shi da na damu, da ta ɗauke ma na damu. Har yau ban san wanne ya kamata in ji ba.

Muka yi ta zuwa duk mako. Ni nake cika bangon da magana. Na ce jinina ne, don ban yi gwaji ba kafin aure. Na ce akwai ranar da ya ce ƙafarsa na ciwo na ce a bari sai gobe, saboda ɗinkin sallah ya taru. Na ce na taɓa barinsa ya yi wasa a ruwan sama. Na ce na taɓa daka masa tsawa a kan almakashi. Duk wanda na faɗa, mai ɗakina ta maimaita da murya ɗaya, "Na ji ya ce laihinshi ne." In aka zo kanta ta ce ba ta da abin cewa.

Rannan Likita ta katse ni. "Malam tela, tsaya. Ka cika ɗakin nan da laihinka, tun daga ƙasa har rufi. Ina ita za ta ajiye nata kayan?"

Maganar ta soke ni. Ashe duk wannan lokacin da nake ganin ina ƙasƙantar da kaina, hana ta wuri nake yi. Na fara cewa, "Wallahi ban lura ba, wannan ma laifi..."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ka gani! Yanzu kuma za ka ji laihin jin laihi. Ɗiyata, haka kike hwama da shi?"

Mai ɗakina ta ce, "Ko kaza ta yi tari a gidan maƙwabta, shi ne."

Ita ce doguwar magana ta farko da ta yi a ɗakin.

Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Likita, maigidanki fa? Shi ya yarda kika taho nan ke kaɗai?" Na ɗauka za ta ce ya rasu bayan dogon zaman lafiya. Sai ta ce sun rabu tun tana da ƙarfinta. Ta ce da rana tana sauraron auren mutane, in ta koma gida kunnenta ya gaji. Ya yi ta magana ba ta ji ba, har ya daina. Ya auri wata, ya yi zamansa, da ya mutu ta je jana'izarsa ta zauna a baya. "Saboda haka kada ka ɗauka ina da wani asiri," in ji ta. "Abin da na sani, a kan kaina na koye shi, kuma na makara." Na yi da-na-sanin tambayar, na kwana biyu ina jin na tone wa baiwar Allah ciwo.

Yarinyar ta fara cin tuwo, lokacin yaye ya matso, ba abin da ya canza a gida. Sai ranar da Likita ta ce daga bayanmu, "Yau ba na son jin laihin kowa. Ranar ƙarshe ta yaron, ina kowa yake zaune? Wurin zama kawai nike tambaya. Malam tela, fara."

Na faɗa wa bango. Na ce na rufe shago na taho da kunu a fulas. Da na iso bakin ɗakin yara a asibiti, sai na hango ta taga surukata, mahaifiyar mai ɗakina, ta zo daga ƙauye, tana zaune a kan gadon, kan yaron yana cinyarta. Ga suruka, ga ɗan fari. Ƙafata ta ƙi shiga. Na ba ƙanena fulas ɗin ya kai, ni na raɓe a jikin bango kusa da tagar. Na ji muryar yaron ya yi magana, ban ji me ya ce ba. Na daɗe a tsaye ina jiran tsohuwar ta fita ko alwala in shiga. Ba ta fita ba. Aka kira la'asar na tafi masallacin asibiti. Kafin in dawo an rufe shi da zane.

Likita ta ce, "Ɗiyata, mi kika ji?"

Mai ɗakina ba ta maimaita ba. Ta ce, "Na gan ka."

Na juyo. Likita ta ce, "Bango, Malam tela."

Mai ɗakina ta ci gaba, "Na ga hularka ta taga. Cewa ya yi, Baba ya zo? Ina ganin hularka. Da na ce mashi ga shi nan a waje, da ya juya ya gani. Amma Inna na zaune. Sai na ce mashi, yi shiru ka huta." Ta tsaya. Ina jin numfashinta. "Ni a wajen ƙahwahunshi nike zaune, a bakin gado. Ya miƙo mani hannu. Na bari Inna ta kama. Ba ta hana ni ba. Ba wanda ya hana ni. Na ce in ta tashi zan riƙe shi." Ta sake tsayawa. "Ba tsanarka na yi ba, Malam. In na kalle ka, tagar nan nike gani."

Likita ta ce, "Malam tela, mi ka ji?"

Na ce, "Da na shiga, da duk wannan..."

"Ba haka ta ce ba. Sake."

"Ni na ja mata, don da ban raɓe..."

"Sake."

Na rufe ido. Ban san lokacin da na koma bin numfashina ba. Na ce, "Na ji kin ce ya miƙo maki hannu."

Tun rasuwar ban ga hawayenta ba, domin uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane, har yaba mata aka yi a wurin makoki. Ranar ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Likita ta tashi ta ce za ta ɗebo ruwa, ga kuwa ruwa a kan tebur. Ta fita ta ja ƙofa, ta daɗe ba ta dawo ba. Ni ban san yadda zan yi da hannuwana ba. Daga ƙarshe na kama bakin gyalenta na riƙe. Ba ta janye ba.

Na so a ce daga nan komai ya warware. Bai warware ba. Ni dai na samu sabon abin ɗauka: yaron ya tambaye ni, ina tsaye bayan bango. Mako na gaba na ce, "Likita, al'adarmu ce ta cuce mu ko?" Na so ta ce eh, in samu wanda zan raba nauyin da shi.

Ta ce, "Ban sani ba. Iya ba ta kiran sunan ɗanta, amma duk naman da aka ba ta a gidanmu, ƙullewa take yi a bakin zane ta kai mashi. Ban zo in gyara maku al'ada ba." Ta ce a addininsu ana koya musu su zauna da baƙin ciki yadda ake zaman jinya, ba a korar mara lafiya, ba a kuma gudu a bar shi. Ta ce ba ta yi mini alkawarin nauyin zai sauka ba.

Ba a jima ba ciwon zuciya ya taso mata, 'yan uwanta suka matsa ta koma gida. A zuwanmu na ƙarshe mai ɗakina ta dama mata fura ta kai mata a kwanon sha. Ni kuma na ɗinka mata doguwar riga. Da yake ban iya cewa zan auna ta ba, da ido na ƙiyasta, kuma don tsoron kada ta matse ta, sai na yi ta ƙarawa. Ta zura ta a kan kayanta, ta nutse a ciki, hannuwan suna reto. Ta ce, "Malam tela, da wa za mu shiga, ni da nas?" Muka yi dariya. Sannan ta ce, "Ban gama da ku ba. Ba na son barin aiki a tsakiya. Ku yahe mani." Ita ke neman gafararmu. Na ce Allah ya kiyaye hanya, kamar wadda za ta je Daura ta dawo. Godiyar da na shirya tun daga gida ba ta fito ba. Ina sa ta a addu'a, in roƙa mata lafiya da shiriya, kullum kuma ina tunanin ko na yi daidai, ko na rage wani abu.

Ranar kai yarinya yaye ta zo. Da safe na zauna a tsakar gida ina kallon mai ɗakina tana haɗa kaya. Ina lura da kowane zane da ta ɗauka. Ta ɗauki na yau da kullum, ban damu ba. Ta ɗauki na fita unguwa, gabana ya faɗi. Ban roƙe ta ba, don na gane roƙona ma kaya ne nake ɗora mata.

Ta zuge jaka, ta tsaya ta ba ni baya. Ta ce, "Malam, ina yake kwance?"

Mata ba sa zuwa maƙabarta. Ban taɓa tunanin cewa ba ta san inda ɗanta yake ba, ni da nake tunanin komai. Na ce in an shiga ta ƙofar gabas, sai a bi hannun dama har kusa da katanga. Na ce akwai fasasshiyar tukunya a wajen kansa, na sa mata alama da shuɗin fenti. Na ce duk Juma'a ina zuwa in cire ciyawa.

"Kana zuwa?"

"Ina zuwa."

"Akwai inuwa?"

"Akwai itacen bedi. Da hantsi rana na taɓa shi kaɗan, daga azahar inuwa ce."

Ta gyaɗa kai. Na raka su tasha, na sa su a mota. Ba ta ce za ta dawo ba, ba ta ce ba za ta dawo ba.

Kwanakin da suka biyo baya na ɓata wa mutum biyu ɗinki, na farke na sake. Na hana kaina kiran waya, sannan na damu ko shirun nawa zai zama kamar ban damu ba. Aka wuce kwanakin da mata kan yi in sun kai yaye. Na fara tunanin yadda zan gaya wa ƙanena.

Wata ranar Laraba na dawo cin abincin rana, na tarar ƙofar gida a buɗe. Tana tsaye a tsakar gida da jakarta a ƙasa, ko gyale ba ta cire ba. Na yi mata sannu da zuwa, na tambayi hanya, na tambayi yarinya, na tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ban damu da su ba, don ina tsoron tambaya ta gaske.

Ta ce, "Inna na gaishe ka. Na hwaɗa mata komi." Ta ƙara da cewa, "Ta ce ita ma ta gan ka ranar. Ta so ta tashi ta ba mu wuri, sai ta ga in ta tashi kamar ta nuna ta san kana son ganin ɗanka, za ta ba ka kunya. Shi ya sa ta zauna. Ta ce tun ranar ba ta barcin kirki. Ta ce ka yahe mata."

Na zauna a kan turmi. Tsohuwa tana can ƙauye tana ɗauke da wannan ita kaɗai, ni ban ko taɓa aika mata da gaisuwa ta musamman ba. Na ce, "Ni zan je in same ta. Da bakina zan yi mata magana."

"Za ka iya?"

"Ban sani ba. Zan je."

Ta dube ni. Ba ta daɗe ba, amma fuskata ta duba. Na ce, "Kin dawo ke nan?"

Ta cire gyale ta rataye a igiya, ta waiwaya ta ga kwanukan da na tara a bakin rijiya da ganyen da iska ta zubo.

Ta ce, "Ina ka kai tsintsiya?"